Bikon da Ya Riga Yaji Isowa

Hasiya ta yi turus a ƙofar gidansu na Gazawa, jaka a ka.

Moton mijinta ne, babur ɗin nan nasa, jingine a bakin zaure.

Tun safe ta sulale daga Cadawa ta hau taksi, ta yi yaji don ta samu ta shaƙi iska ita kaɗai. Sai ga Yahuza zaune kan tabarma gefen Babanta, har ya sha rabin furarsa.

"Hasken idona, kin iso? Taksin nan ya cika tsaye-tsaye, raina duk ya tashi..."

"Yaji fa na yi!"

"Na sani. Shi ya sa na zo biko."

Ta shige ciki kamar ta fashe. Inna Lami ta tare ta a tsakar gida.

"Ya buge ki?"

"A'a."

"Ya hana ki ci ko sutura?"

"A'a, Inna."

"To mi ya yi miki?"

"Inna, gidan biki in na je, yana waje yana jira. Asibiti, yana kan benci. Gishiri zan sayo, sai ya rufe shago ya ɗauko moto. Ko maƙwabta ban taɓa leƙawa ni ɗaya ba!"

"Ke dai ba ki da godiya. Latifa 'yar kawunki har gobe tana tambayar lafiyarsa, ki ci gaba da wasa."

Baba ne ya raba gardamar. Ya ce ba a taɓa yin biko mace ba ta ko ajiye jaka ba, kuma miji ba ya zuwa da kansa. Yahuza ya koma, ya turo manyansa in an kwana biyu.

Daɗi ya kashe Hasiya. Washegari ta yafa gyale za ta gidan ƙawarta.

"Ina zuwa?" in ji Inna. "Mai yaji ba ta yawo. So kike a ce zawarci kika fara? Ga wake can, a sussuke."

Ta sussuka wake. Ta surfa gero. Ko zaure ba ta taka ba. A kwana na huɗu ta ji tun washegarin zuwanta Latifa ta kai wa Yahuza tuwo har shago, wai tausayi.

Ta ja waya ta shige bayan rumbu.

"Ina manyan naka?"

"Baba ya ce in dakata, 'yar lele. Ni kuwa ko abinci ba na iya ci."

"Har da tuwon Latifa?"

"Makanikin kusa da ni na ba."

Ta danne murmushi, ta haɗe rai kamar yana ganinta.

"Saurara, Maigida. Ina sonka, Allah ya sani. Amma in na dawo, kasuwa ni kaɗai zan je. Biki ma haka."



"In mota ta..."

"Ni kaɗai."

"Na yarda," ya faɗa da ƙyar. "Rashinki ya fi wannan ciwo."

"To a turo kawunka gobe."

"Yana nan tare da ni. Muna tashar Gazawa tun shekaranjiya, ki gaya wa Inna ta shimfiɗa tabarma."

Hasiya ta dafe kai, dariya da takaici suka taru suka kama ta. Ta je ta ɗauko tabarmar da kanta.