Awon Jini a Zauren Malam Badaru

Ranar kasuwar Tsanyawa Uwaisu ya fara ganin Rahmatu, tana rumfar ma'aikatan lafiya tana auna wa mutane jini. Shekarar da taki ya gagari manoma ce, shi ma farashi ya zo tambaya, sai ga shi a layi kamar mara lafiya. Lambar waya yake nema, kuma ya samu.

"Sanyin idona, tun da kika ɗaura min abin nan a hannu ban koma daidai ba," ya rubuta mata.

"Manomina, ka rage gishiri, ka rage zaƙin baki," ta mayar masa.

Da magana ta isa gida, mahaifinta Malam Badaru ya kafa sharaɗi. Hawan jini ya shanye wa ƙanensa ɓarin jiki, ya ga yadda matar ƙanen ta ƙare a jinya, ga tsadar magani. Ba zai ba mai wannan ciwo 'yarsa ba, kuma da na'urarsa ta gida zai auna yaron.

Uwaisu ya tuƙo keke daga gona cikin rana, ya shiga zaure ya tsuguna. Aka nuna masa kujera, ya ce ina shi ina kujera a gaban suruki! A tsugune aka auna bawan Allah, yana haki, gabansa na faɗuwa. Na'ura ta nuna jini ya hau sosai.

"Je ka, yaro," in ji Malam. "Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Rahmatu ta sha kuka, sannan ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, jini ba ya zama wuri ɗaya. Gajiya na ɗaga shi, tsoro ma haka. Kai ma ai sai ka huta nake auna ka. Awo ɗaya ba ya isa."

Tsohon ya san hakan take. Ya yarda a sake a asibiti, a ranaku daban-daban.

"Manomina, ka zauna, ka jingina, ka huta," ta rubuta masa. "Kada ka tuna da ni sai an gama."

"Na ƙarshen nan ne ba zan iya ba."

Duk da haka, kowane awo ya fito daidai.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam Badaru ya riƙe hannun angon.

"Tsoro ne ya sa ni, ɗana, ka yafe min. Allah ya yi muku albarka, ku tsufa tare, babu mai jinyar wani."