Minti Goma Sha Biyu a Kaset ɗin Madam Jane

Zailani ya danna rakodar, ya lumshe ido yana jiran sautin fiyano. Sai ga muryar Shafa'atu ta cika falon.

"Salamu alaikum, Inna, ni ce 'yarki daga Landan..."

Ludayin da ke hannun Shafa'atu ya suɓuce ya faɗi.

Ya kashe rakodar, ya zaro kaset ɗin ya juya shi.

"Shafa... a kan wannan kika yi recording?"

"Wallahi Yelwa ce ta saka min, ta ce sabo ne..."

Yelwa, wadda suke zaune gida ɗaya da Shafa'atu a Tottenham suna karatun nas tare, tana daga kujera tana gyara farce. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To ni ina na sani? Duk kaset ai kaset ne."

Ƙarya take, ta sani sarai. A gabanta Zailani ya kawo shi satin da ya wuce, a naɗe cikin hankici kamar ƙwai. Kuma ba tun yau take masa kallon da bai kamace ta ba.

Injiniyanci gwamnati ta turo Zailani ya karanta, a shekarun nan da arzikin man fetur ke ta kwaso ɗalibai zuwa Ingila. Amma duk Asabar yana koyon kiɗa wurin Madam Jane, wata tsohuwa da ta yi tashe a kaɗa fiyano tun kafin yaƙin duniya. Al'adarta ce ta riƙa ɗaukar darussanta a kaset: kiɗanta, gyaranta, har da faɗanta. Da ta rasu, wata makarantar kiɗa ta kwashe su duka don masu koyo. Guda ɗaya tak ta bar wa Zailani, darasinsu na ƙarshe, kuma babu kwafinsa ko'ina. Ya ara wa budurwarsa Shafa'atu ne don ta san matar da yake kira uwarsa ta Landan.

"A farkon nan ne ta kaɗa min da hannunta," ya ce a hankali. "Ba ta ƙara taɓa fiyano ba daga ranar."

"Yaya Zailani, don Allah ka yi min faɗa..."

Bai yi ba. Ya naɗe kaset ɗin cikin hankicinsa, ya yi sallama ya fita. Da ma zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Abin haushin, don shi ta yi maganar. Wasiƙa ce ta zo daga Zariya cewa labari ya iske Inna wai makaɗi 'yarta ta kwaso, kuma a gidansu ba a taɓa ba makaɗi aure ba. Inna ba ta karatun boko, shi ya sa kullum saƙon murya Shafa'atu ke tura mata ta hannun masu tafiya gida. Wa ya kai labarin Zariya? Yelwa ce kaɗai ke da 'yar uwa a unguwarsu.

Sati uku ba waya, ba saƙo. Shafa'atu ta rame, ta kwashe kayanta ta koma hostel ɗin asibiti. Har makarantar kiɗan ta je da ƙafarta, jirgin ƙasa biyu da bas, aka duba mata aka ce babu wani kwafi. Ta fito ta zauna a dakalin ƙofa ta yi kuka mai isarta.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Regent's Park, ta ji an ce, "Shafa."

Zailani ne tsaye da rakodar a hammata. Shi ma ya rame.

Suka zauna a benci. Ta ciro 'yan takardu daga jakarta ta miƙa masa.

"Na saurare shi ya fi sau ashirin kafin abin ya faru. Duk abin da ta faɗa maka a farkon na rubuta, iyakar abin da na tuna. Kiɗan ne ba zan iya dawo maka da shi ba."

Ya karanta layin farko, inda tsohuwar ke cewa ya daina gudu, ba jirgi zai kama ba. Ya yi dariya, idonsa ya ciko.

"Haka ta faɗa, wallahi."

Ya ninke takardun, ya ce, "Jiya na daure na saurara, don in san nawa na rasa. Minti goma sha biyu ne. Na ji ki kina ce wa Inna in ba ni ba, sai dai ki dawo gida da satifiket kawai."

Ta rufe fuska da gyale.

"Ba kai aka yi wa maganar ba."

"Ai na riga na ji, rabin raina. Har yanzu abin yana min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma rashinki ya fi ciwo." Ya ciro wani kaset. "Na yi kwafi. Almu abokina zai tafi gida jibi, ya kai wa Inna."

"Har da sauran darasin? Inna ba ta jin Turanci."

"Bar shi haka. Ta ji ainihin abin da nake yi."

Bayan wata guda amsa ta iso. Tare suka saurara. Inna ta gaishe da kowa, ta ba da labarin damina, har da na akuyar da ta haihu, sannan ta gyara murya.

"Maganarki na ji, ba ita ta dame ni ba, yarinya in tana so ba abin da ba za ta ce ba. Amma da kika gama sai na ji wata tsohuwa tana ta balbale wani da faɗa. Na sa ƙaninki ya fassara min. Wuri ɗaya ta sa saurayin naki ya maimaita sau tara, na ƙirga da carbina. Kowane karo cewa yake na gode. Ni ban ji roƙo ba, ban ji kirari ba, almajiri na ji gaban malamarsa. Na kai wa babanki ya ji. Ya ce wanda ya iya haƙuri da waccan tsohuwar zai iya da bakinki. Su turo manyansu."

Shafa'atu ta fashe da kuka tana dariya.

Zailani ya ciro kaset ɗin Madam Jane daga hankici, ya ɓalle 'yan haƙoran nan na bayansa, don kada a sake ɗaukar wani abu a kai.

"Ka bari mana a goge muryata tukuna," ta ce.

"A'a." Ya mayar da shi aljihun ƙirjinsa. "Ku biyun nan haka za ku zauna."