Kututturen Gwaji

Da hantsi aka tsinci gawar Kansila Teofilo Batucan a bakin gonar rake, bayan garin Danao, harsashi biyu a ƙirji. Bindigar na yashe a gefensa, ƙirar gida, ba lamba ba tambari.

Kowa ya san dalili. Batucan ne ke bin ƙauyuka yana tallata ƙudurin dokar hana ƙera bindiga marar lamba, a garin da sana'ar ke ci da gidaje da yawa.

Sajan Rosendo Capuyan, ɗan sandan da aka ba binciken, ɗan maƙera ne, shi ya sa maƙeran suka tsane shi fiye da kowane ɗan sanda. Duk inda ya tsaya sai a tofar da yawu. Maƙera uku ne suka taɓa yi wa Batucan barazana. Na farko yana filin faɗan zakaru ran nan, har ya ci duka a gaban jama'a. Na biyu yana kwance a asibiti. Na uku yayan Rosendo ne, Melchor.

Ya same shi a rumfarsa ta kan tudu yana goge ƙarfe.

"Karen gwamnati, me ka zo shinshina?" in ji Melchor, bai ko ɗago ba. "Bindiga marar lamba ba ta da uba."

Rosendo ya zagaya bayan rumfar. Maƙerin Danao ba ya sakin bindiga sai ya gwada ta a kututturen kwakwar da ke bayan rumfarsa, kuma nasu na gado ne. Yau sabo fil ya tarar, ko huda babu. 

Matar Melchor ce ta kai shi inda tsohon kututturen yake, cikin rashin sani. Ta ce an sa ta ƙona tsohon, ita kuwa ba ta ɓarnar itace, sai ta tokare ƙofar garken aladu da shi. Masu binciken harsashi suka tono harsasan ciki, zanen da bindiga ta bari a jikin biyu daga cikinsu ya yi daidai da na waɗanda aka ciro daga ƙirjin Batucan.

"Sayar da bindigar na yi," in ji Melchor.

"Yaya, ka sayar da ɗaruruwa, ba ka taɓa ɗaga kututturen Baba ba. Sai wannan."

Melchor ya miƙo hannuwa a sa masa ankwa, ya tofa masa yawu a takalmi.

"Kai za ka gaya wa Mama."