Muryar Rakiya a Bakin Lailatu

Ranar Laraba, sha huɗu ga Maris na 2018, bayan la'asar, aka fara zaluntar gidan Mushe Hamidu a Filinge. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, wanda bai taɓa yarda ɗalibi ya ce masa "kusan haka ne" ba.

Abu ɗaya ya rage masa mai ɗauke da fuskar marigayiya matarsa Rakiya: faifan bikin sunan jikansu, da aka ɗauka ƙarƙashin tsamiyar tsakar gida. Faifan ya karce, yana tafiya yana tsayawa, sai ya sa 'yarsa Lailatu ta juye shi a kwamfuta. Juyewar nan ce aikin faifan na ƙarshe, bai sake kunnuwa ba. Da suka kalli abin da aka juye, leɓen Rakiya ya motsa, ya tsaya, sannan muryarta ta biyo baya kamar wadda aka manta a hanya.

"Ba haka uwarki ka magana ba," in ji shi. "Gyara."

Lailatu ta gano wata 'yar ƙara a farkon sautin, kamar iska cikin ganye, ita ke tura komai baya. Ta yanke ta. Baki da murya suka haɗu. Mushe Hamidu ya daɗe yana kallo, sannan ya sa ta goge mai kuskuren, don shi ba ya ajiye abin da ba daidai ba.

Da magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Awaki suka yi tsit. Ya sake kunna fim ɗin: Rakiya na dariya, tana magana, babu sauti ko kaɗan. Sai ya ji muryarta a bayansa, tana fitowa daga bakin Lailatu, wadda ke zaune kan tabarma idonta a kafe.

Haka aka yi ta yi kowace magariba. Maƙwabta suka jiyo ta bayan katanga, suka gane muryar. Kafin kasuwa ta sake ci, magana ta zagaye unguwa cewa Rakiya ba ta samu kwanciyar kabari ba. Matar da ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

Aka ɗauko Malam Mamman daga Bonkuku. Ya zauna gaban Lailatu yana karatu har gumi ya jiƙe masa riga, kafin wata murya dabam ta fito daga bakinta, ta tsohuwar aljana, a gajiye.

"Wace ce ke? Mi kika so ga yarinyar ga?" in ji Malam.

"Cikin tsamiya nike tun ba a gina gidan ba. Ran sunan nan ɗana na bisa reshe shina dariya, na'urarku ta kama. Dariyar nan kuka yanke, ga shi ya rasu. Duk ran da tsohon ga ya kunna, bayanshi nike tsayawa. Shi ya ga matarshi, ni in ji ɗana."

Mushe Hamidu ya sunkuyar da kai.

"Ana iya maido mata?" Malam ya tambaye shi.

"An goge."

"To in riƙe muryar matarshi, in bar mashi ɗiyarshi," in ji aljanar. "Ko in maido murya, in zamna jikin yarinyar ga."

"Riƙe," in ji Mushe Hamidu. "Amma sai kin faɗa gaban mutane ba Rakiya ba ce. Kin ɓata sunan wadda ba ta iya kare kanta."

Lailatu ta yi atishawa, ta kife. Da ta farfaɗo ta ce, "Baba, ruwa." Aljanar ta tafi ba ta amsa ba.

Jifa ya tsaya. Fim ɗin na nan, Rakiya na motsa baki, shi kuma yana cike kalmomin da ya haddace. Maƙwabta ba su yarda da bayaninsa ba, don kunnensu ya ji abin da ya ji. Shi ya sa duk magariba yake buɗe ƙofar gida, ya tsaya gaban tsamiya da hannu a baya, kamar gaban aji.

"Na ji zafin rashin ɗanki, kuma na biya. Saura naki. Ki fito gaban unguwa ki ce ke ce, ki roƙi Rakiya gafara. Ina jira."