Kwalbar da Aka Ɓoye a Falon Baba

Ranar da Auta ta fara shiga kemis ɗin da ke bakin layinsu, ko sallama ba ta gama ba ta miƙa wayarta.

"Wannan nake nema. Ƙwayar farin wake, wadda aka ce tana tare sitaci, mutum ya rage ƙiba."

Mai kemis ya dubi hoton, ya ɗago ya dube ta, sai ya manta bai mayar mata da wayar ba.

"Akwai ta. Amma wa ya ce kina buƙata?"

"Tef ɗin awona. Ɗinki nake yi, ba ya min ƙarya."

"To ni ma ba zan yi miki ba. Wasu tana ɗan taimaka musu, wasu kumburin ciki kawai suke kwasa. In kuwa cin nan bai canza ba, aljihunki ne kaɗai zai rame."

Dariya ta ƙwace mata. Ta fita ba ƙwaya, amma ta bar lambarta, wai ko wani sabon bayani zai fito.

Da la'asar kuwa ya fito: "Ranki ya daɗe, na ƙara bincike. Babu abin ragewa a jikinki. Don Allah a bar min kumatun nan yadda suke."

"Likitan ƙarya," ta rubuta, tana murmushi har allura ta soke ta.

Wata biyar ana haka, ita Kumatuna, shi Likitana. Sai ya zo gaida Baba.

Baban Auta tsohon hedimasta ne, mutum mai tumbi da murya, wanda kullum yake alfaharin bai san ɗanɗanon magani ba. Yana ganin fuskar saurayin ya haɗe rai. Ko minti biyar ba a yi ba Baba ya miƙe.

"Wannan? Ban yarda ba."

"Baba, me ya yi?"

"Na ce ban yarda ba!"

Umma ta bi shi da lallashi, bai ba da dalili ba.

Bayan kwana biyu Auta na kakkaɓe kujerun falo, sai ga leda a bayan matashin kujerar da baƙon ya zauna. Ledar kemis ɗinsa ce. A ciki, kwalbar ƙwayar farin wake. Ta juya kwalbar a hannunta. Ashe duk yabon nan a baki ya tsaya?

Ta rubuta wa mai kemis: "Na ga saƙon da ka ɓoye min. Da ka faɗa min a fuska cewa na yi maka ƙiba."

Amsa ta zo nan take: "Kumatuna, wallahi ba domin ki ba ce. Daga shagona ta fito, ba zan musa ba. Amma wanda ya saya, ba zan iya faɗa ba. Abin da mutum ya saya a hannuna amana ce."

"To ka auri amanar."

Ta rufe layinsa. Kwana uku keken ɗinkinta bai motsa ba. A na huɗu, ana cin abincin rana, ta dire kwalbar a tsakiyar tebur.

"Baba, ka fi ni gaskiya. Ga abin da ya bar min." Ta karanta musu amsar da ya turo mata.

Cokalin Baba ya tsaya a iska.

"Haka ya rubuta? Bai kama suna ba?"

"Ko ɗaya."

Baba ya ajiye cokalin, ya share zufa.

"Tawa ce."

Umma ta saki baki. "Malam! Kai da ba ka san ɗanɗanon magani ba?"

"Wata uku ina zagayawa ina saye. Tumbin nan ya hana ni ɗaure takalmi."

"Shi ya sa kullum sai ka nemi ƙarin shinkafa!"

"To ba an ce tana tarewa ba? Yaron ya sha gaya min ba lasisin ci ba ce, in je in ga likita. Ni kuwa kunya ta hana ni zama da surukin da ya san asirina." Ya juyo ga Auta, idonsa ya yi ja. "Na kore shi ba laifi, ke ma kin kore shi, duk da haka bai tona ni ba. Uwata, kira min shi yanzu."

Ta buɗe layinsa ta kira. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Likitana, ka yafe min."

"Kin ci abinci?" shi ne abin da ya fara tambaya.

Baba ya fizge wayar. "Ɗana, ka turo manyanka. Kada ka wuce ranar Asabar, kafin kunyar ta dawo min."

Wata biyu bayan haka aka ɗaura aure. Auta da kanta ta ɗinka rigarta, gida ya cika har waje, Umma na kuka tana dariya. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannunta ya sa a na angon.

"Ga ta nan. Ban taɓa ba wa kowa abin da ya kai ta ba, kuma hankalina kwance yake. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Falon ya ɗauka da amin. Auta ta ji angon ya matse yatsunta, ita ma ta matse nasa.