Rimot Ɗin da Ya Yi Ƙara

Sau uku wani malamin makaranta yana kawo rimot shagon gyaran Baba, kuma sau ukun lafiyarsa ƙalau. Auta, 'yar Baba, ta haska shi da kyamarar wayarta, ta ga hasken da ido ba ya gani yana ƙyaftawa, ta yi murmushi.

"Malam, rimot ɗinka ba shi da ciwo."

"To mai shi ne ba lafiya," in ji shi.

Tun daga ranar ta sa masa suna Mai Rimot, shi kuma yana ce mata Haskena.

Da manyansa suka zo neman aurenta, Baba ya ƙi ƙememe. Auta ta san dalili. Idon Baba ya yi rauni, yana ɓoyewa. Hannunsa ya haddace gyara, amma ita ke duba masa ko rimot ya tashi. In ta tafi, shago ya mutu.

Malam bai sani ba. Don ya burge, ya haɗa 'yar na'urar gwaji: idon karɓar haske mai ƙafa uku daga tsohuwar talabijin, batir, da ɗan ƙwan fitila. Ya danna rimot a gaban Baba.

"Baba, kun ga ya kama?"

"Na gani," Baba ya ce, fuska a murtuke. "Ɗauki abinka."

Auta ta yi kuka, sannan ta tura saƙo: "Mai Rimot, ba rainin aikinka ya yi ba. Baba ba ya ganin fitilar. Ni ce idonsa."

Amsa ta zo: "Haskena, ki yafe min. Ki ɗora dalma a wuta gobe da safe."

Tare suka cire ƙwan, ta liƙa 'yar ƙararrawa a gurbinsa. Ta ajiye na'urar a teburin Baba.

Baba ya danna wani rimot. Ɗit-ɗit-ɗit! Ya danna wani, shiru. Ya buɗe shi, ya goge, ya sake dannawa. Ɗit-ɗit! Dariya ta kuɓuce masa, hawaye na bin gemunsa.

"Yaron nan ya ba ni ido a kunne. Auta, ce masa ya turo."

Ranar da za a kai amarya, Baba ya dafa kansu ya ce, "Yadda kuka rufa min asiri, Allah Ya rufa naku." Auta ta ce amin, godiya ta cika mata ciki. Washegari Baba ya buɗe shago shi kaɗai.