Ƙwayar da Tela Ke Ɓoyewa

"Wai ke mace ce ko hoton mace?"

Inna ce a ƙofar kicin, riƙe da kwalin maganin hana ɗaukar ciki da ta zaƙulo a jakar surukarta. Matar tela ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ci gaba da wanke-wankenta.

"Dubi yadda kika mai da mini ɗa! Gashi na zuba kamar figaggiyar kaza, ga rama, ga baƙar zuciya, zare ma ya gagare shi sawa a allura... Ke kuma kina haɗiyar ƙwaya don kada ƙirjinki ya zube. Tir!"

Abin da Inna ba ta sani ba, ciwon hanta ke cin ɗanta. Maganin kashe ƙwayar cutar da likita ya ɗora shi a kai, shi ke zubar da gashin, shi ke kawo zazzaɓi da saurin fushi. Likitan ya kuma ja musu kunne: cikin da aka ɗauka ana wannan magani zai iya zuwa da nakasa, a jira sai ya fita daga jiki. Tela ya roƙi matarsa kada kowa ya ji. Wani namijin, ya fi tsoron a ce masa "sannu" da ya ji ana haƙa kabarinsa.

Sai ga shi ya shigo, hula har gira.

"Yauwa!" in ji Inna. "Ko ta zubar da wannan ƙazanta, ko ka sallame ta yau."

Ya ja matarsa ɗaki, ya turo ƙofa.

"Rabin raina, ki yi haƙuri... Na yanke shawara. Zan daina shan maganin, ke ma ki daina naki. Inna ta samu jikanta, kowa ya huta."

Ta dube shi sama da ƙasa, kallon da ake wa tsumman goge ƙafa.

"Jika da maraya a zani ɗaya?"

"Haba, masoyiya..."

"Kar ka haba ni! Na kwashe amanka, na kakkaɓe gashinka a matashin kai, na shanye tsawarka na ce magani ne ba kai ba. Duk ban raina ka ba sai yau. Ashe ka gwammace ka mutu da ka buɗe baki gaban uwarka?"

Ta buɗe gwangwanin maɓallan da yake ɓoye kwalbar maganinsa a ciki, ta ɗauko ta, ta ɗebo ruwa a kofi, ta dire su a falo gaban Inna.

"Lokacin shan maganinka ya yi. Ka sha a nan, ko ni na sallami kaina."

Tela ya biyo ta falon. Can ya cire hular, ya durƙusa.

"Inna... ba ita ba ce. Ni ne ba ni da lafiya. Hanta ce."

Inna ta zube a kujera. "To ita uwar zurfin ciki, bakinta ciwo yake da ba ta faɗa ba?" Ta shiga shafa kan ɗanta, hawaye na bin kuncinta.

Tela ya haɗiye ƙwayar, ya kai kofin baki, ruwan na zuba a riga. Matar ta ja tsaki, ta durƙusa kusa da shi, ta tallafe hannun da nata.

"Sha a hankali, matsoracina."